Bishiyata ta haɗa jemage da tantabara, an ce in koma in ƙirga

'Yar Aji Uku:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu Bayoloji ku kawo min ɗauki, kaina ya ɗau zafi tun jiya. Firaktikal aka ba mu na zana bishiyar dangantakar halittu, kashi biyu, na farko da hannu na biyu a kwamfuta, kuma Litinin za mu miƙa rifot. A na hannun dabbobi bakwai ne, kifi, kwaɗo, ƙadangare, kada, tantabara, jemage da zomo. Sai siffofi takwas da za mu cika tebur da su, mai ita a sa masa 1 marar ita a sa 0: gaɓoɓi huɗu, jakar ruwan nan da ɗan tayi ke kwanciya a ciki wato amniyon, ramuka biyu a ƙoƙon kai bayan ido, ƙundu, gashi, shayar da nono, fiffiken tashi, da jini mai ɗumi. Ni dai na duba na ga jemage da tantabara duk suna tashi duk jininsu da ɗumi sai na ɗaura su a reshe ɗaya na ajiye zomo kusa da su, ƙadangare da kada kuma na ware musu nasu reshen tunda ko makaho ya shafa ya san kamarsu ɗaya. Mai kula da lab ɗin ya zo ya leƙa takardata ya daɗe yana kallo, bai ce komai ba sai "ƙirga matakanki" ya yi gaba abinsa. Matakan me kuma??

Tsohon Ɗalibi:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Hhhh wannan tarkon kowa sai da ya faɗa cikinsa, da gangan ake saka jemage a jerin. Mataki yana nufin duk inda wata siffa ta bayyana ko ta ɓace a jikin bishiyar. Ɗauki fensir ki bi siffofin ɗaya bayan ɗaya ki ja ɗan layi a kan reshen da kowace ta fara. Gaɓoɓi huɗu sau ɗaya, amniyon sau ɗaya, fiffike sau ɗaya, jini mai ɗumi sau ɗaya, to har nan taki ta yi kyau. Amma zo kan nono. Zomo na shayarwa jemage na shayarwa, ke kuma kin cusa tantabara a tsakiyarsu, dole ki ce nonon ya zo sannan tantabara ta yar da shi, mataki biyu ke nan. Gashi ma haka, biyu. Ƙundu kada na da shi tantabara na da shi amma kin raba musu gida, biyu. Ramukan kai ma biyu. Haɗa su duka ki gani.

'Yar Aji Uku:
12 na samu

Tsohon Ɗalibi:
Yawwa. Yanzu cire tantabara daga wurin jemage ki kai ta gefen kada, ƙadangare ya zama na kusa da su biyun, jemage da zomo su zauna su kaɗai. Sake ƙirgawa.

'Yar Aji Uku:
Tabɗi. 10 ya ba ni. Fiffike da jini mai ɗumi ne kawai suka zama bibbiyu, sauran shidan duk sau ɗai-ɗai. To amma yaya, tantabara da kada fa? Wallahi hankalina bai kwanta ba, ina kada ina tantabara

Abokiyar Benci:
Ni ce muke benci ɗaya da ita. Ku bar ta wannan ma, akwai wanda ya sa wa tantabara 1 a layin gashi wai ai tana da gashi a jikinta, aka yi ta musu har sai da aka ce masa gashin da ake nufi irin na zomo ne ba wanda ake figewa ba. Da bakinmu duk gashi muke ce musu shi ya sa ya ruɗe, amma a tebur abu biyu ne daban

Malam Mai Alli:
Kin yi daidai da kika kawo wannan, domin tun daga cika tebur ake faɗuwa ba sai an kai ga zane ba. 'Yata mai tambaya, kama da wane ba ta wane. Ki samu hoton ƙasusuwan fiffiken jemage ki ajiye kusa da na tsuntsu. Na jemage yatsu huɗu ne suka yi tsawo zaƙo-zaƙo aka shimfiɗa fata a tsakaninsu kamar lema, babban yatsan yana waje da ɗan farcensa. Na tsuntsu yatsun sun ragu sun manne da juna, gashin fiffiken ne ke ɗaukar iska. A matsayin hannu, gadonsu ɗaya, ƙashin dantse da na sangali duk suna nan kamar naki. Amma a matsayin abin tashi kowa nasa ya samu ta hanyarsa. Wannan hanyar ta ƙirga matakai a zaɓi bishiyar da ta fi ƙarancinsu ita ake kira fasimoni, kuma aikinta ke nan, ta tona miki wace siffa ce gado wace ce kama kawai.

Mai Ja:
Malam a yi min afuwa amma ni ban gamsu ba. Na zauna na gwada da kaina yanzu. Akwai wata bishiyar ta uku da ba wanda ya ambata, a jero su kamar tsani, kifi, kwaɗo, ƙadangare, kada, tantabara, sai jemage da zomo a ƙarshe. Wannan 11 take bayarwa, tazarar mataki ɗaya tak tsakaninta da wadda kuke cewa ita ce daidai. To a ƙara siffa ta tara mana, zuciya mai ɗaki huɗu. Kada na da ita, tsuntsu na da ita, jemage da zomo na da ita, ƙadangare ba shi da ita. A tawa mataki ɗaya ne ta koma 12, a taku mataki biyu ne ita ma ta koma 12. Kunnen doki. Ashe ke nan wanda ya zaɓi siffofin shi ya zaɓi amsar tun kafin ɗalibi ya ɗauki biro, mu dai ana sa mu muna ƙirga abin da aka riga aka shirya

Tsohon Ɗalibi:
Kai na duba lissafinsa fa, gaskiya ne 12 da 12

'Yar Aji Uku:
Innalillahi, ni da na fara murna

Malam Mai Alli:
Lissafinka daidai ne kuma na ji daɗin da ka yi shi, irin ɗalibin da nake so a aji ke nan ko da zai hana ni shan ruwa. Kuma ba kai ka fara ba, an taɓa samun masana na gaske da suka tsaya kai da fata cewa tsuntsaye da dabbobi masu shayarwa gida ɗaya ne saboda jini mai ɗumi da irin wannan zuciyar. Abin da ya rusa maganar shi ne da aka leƙa cikin siffofin da kyau. Babbar jijiyar da ke fita daga zuciya ta raba jini ga jiki, a tsuntsu ta dama take lanƙwasawa, a mai shayarwa ta hagu. Ɗaki huɗu ne duka amma ginin ba ɗaya ba ne. Sannan idan kai ka ƙara zuciya ni ma sai in ƙara tawa, akwai wani nau'in furotin mai tauri da ake samu a ɓawon jikin ƙadangare da na kada da gashin tsuntsu, babu shi a gashin zomo ko jemage. Saka shi ka ƙirga, tawa 13 taka 14. Inda nake tare da kai shi ne siffa takwas ko tara ba sa yanke hukunci, atisaye ne kawai na koyon ƙirga. Masu yin aikin da gaske ɗaruruwan siffofi suke tarawa har da na ƙasusuwan halittun da suka shuɗe, sannan ga DNA, kuma duk suka taru suka nuna kada ya fi kusa da tsuntsu a kan ƙadangare.

Mai Ja:
To Malam in haka ne me ya sa ƙadangare da kada suka fi kama? Ba gardama nake ba, ido fa ba ya ƙarya

Malam Mai Alli:
Ido ba ya ƙarya amma yana auna abin da ba shi aka tambaya ba. Jan ciki, ɓawo a jiki, dogon wutsiya, jini mai bin yanayin gari, duk tsohon gado ne da suka taras, kada da ƙadangare suka riƙe shi tsuntsu ya sauya kamanni. Tsohon gado ba ya nuna wa ya fi kusa da wa. Wani Bajamushe masanin ƙwari mai suna Willi Hennig shi ya kafe a kan wannan a littafinsa na 1950, wanda aka fitar da Turancinsa a 1966, cewa sabuwar siffar da aka gada tare ita kaɗai ke haɗa dangi. Duba teburinku, da an saka ƙashin baya a ciki duk bakwai ɗin 1 za su samu, me ya raba miki? Ba komai. Ƙundu kuwa kada da tantabara kawai ya haɗa. Shi ya sa ma aka saka kifi, shi ne bare a cikinsu, da shi ake gane wace siffa ce tsohuwa wace ce sabuwa, kuma a wurinsa saiwar bishiyar take.

Ɗan Kwamfuta:
Bari in ɗan tsoma baki kan maganar Mai Ja ta bishiya ta uku. Ba uku ba ce fa. In kin kafe kifi a matsayin bare, sauran shidan ana iya jera su ta hanya 945. In bakwai ne a ciki 10,395. In goma ne 34,459,425. Wato ko kwana kike kina ƙirgawa ba za ki gama ba, shi ya sa kashi na biyu aka ce ku je kwamfuta, kuma ita kanta kwamfutar in halittun sun yi yawa ba duka take dubawa ba, dabara take yi tana sauya rassa tana neman wadda ta fi. Wace manhaja aka ce ku yi amfani da ita?

'Yar Aji Uku:
MEGA. Ai nan ne ma babban tashin hankalin ban kai ga faɗa ba. An ce mu shiga GenBank, rumbun jerin DNA na intanet, mu sauko da jerin DNA na wani jin (gene, wato yankin DNA mai ɗauke da gado) da ake kira saitokurom b na dabbobin nan bakwai, na sauko da su na haɗa a fayil ɗaya na zuba a MEGA na danna UPGMA a cikin hanyoyin gina bishiya saboda ita na fara gani, abin da ya fito ko a mafarki. Zomo ya fita can waje shi kaɗai da wani dogon reshe kamar igiyar shanya, har kifi ya fi shi kusa da jemage. Na rufe laftof ɗin na tafi na kwanta

Ɗan Kwamfuta:
Hhhh sannu. Tambaya uku. Kin daidaita sahunsu kafin ki gina bishiyar? Tsawon kowanne harafi nawa ne? Sannan buɗe fayil ɗin ki karanto min layin da ke saman jerin zomon, wanda ya fara da alamar nan mai kama da bakin kibiya

'Yar Aji Uku:
Sahu kuma? Na ga wani wuri an rubuta ClustalW da MUSCLE ban taɓa su ba. Tsawon kuma shida suna wajen dubu ɗaya da ɗari da wani abu, na zomon ɗari shida da 'yan kai. Layin saman an rubuta COI a ciki

Ɗan Kwamfuta:
Shi ke nan an kama ɓarawon. Ba saitokurom b kika sauko wa zomo ba, COI wani jin ne daban, duk a mitokondiriya suke, wato ɓangaren ƙwayar halitta mai samar da kuzari, kuma sunayensu na kama shi ya sa in mutum ya rubuta rabin sunan a wurin bincike sai su fito a cakuɗe. Saitokurom b na dabba mai shayarwa harafi 1,140 ne ko kusa da haka, guntun COI da ake yawan ɗorawa don tantance nau'in halitta kuma wajen 650. Kin ɗauko shafi daga wani littafi kin ce a gwada shi da shafukan wani littafin, dole manhaja ta ce zomo baƙo ne daga wata duniya. Ita ba ta san zomo ba, A da C da G da T kawai take gani, ko shirme kika zuba mata sai ta zana miki bishiya tsaf ba za ta ce uffan ba.
Koma ki sauko da na gaskiya. Sannan sahu, wannan ba a tsallake shi. Manufarsa harafi na 50 a jerin kada ya tsaya saitin takwaransa a jerin tantabara, don wani lokaci wani jerin ya fara daga gaba ko wasu haruffa sun faɗi a hanya, in ba a gyara ba komai ya goce kamar an ɓalla maɓallin riga a ramin da ba nasa ba, tun daga wuya har ƙasa a karkace. Danna MUSCLE ki bar ta ta gama, sai ki duba da idonki, ki yanke farko da ƙarshe inda wasu suka yi tsawo wasu babu komai sai layi-layi

Abokiyar Benci:
Wayyo ni ma ban yi sahun ba amma tawa ta fito da kyau, ya ke nan

Ɗan Kwamfuta:
Sa'a kika ci, wataƙila duk jerin naki cikakku ne daga wuri ɗaya suka fara. Ki koma ki yi dai, kar a tambaye ki a rifot ki rasa ta cewa

Tsohon Ɗalibi:
Kuma ku rabu da UPGMA ɗin nan sai in an ce ku gwada ta don kwatance. Tsohuwar hanya ce tun 1958, tana ɗauka cewa kowane reshe gudu ɗaya yake yi wajen tara sauyi, kamar agogo ɗaya aka ɗaura wa kowa. Alhali wasu zuri'o'in DNA ɗinsu na sauyawa da sauri wasu a hankali, to mai saurin sai ta wurgo shi waje ko da ɗan gida ne. Ku ɗauki NJ, hanyar haɗa maƙwabta ta Saitou da Nei ta 1987, ba ta da wannan sharaɗin kuma nan take take gamawa. In an bar ku ku ƙara da ML, hanyar da ke neman bishiyar da ta fi yiwuwar haifar da bayananku, ku ga ko za su yarda da juna

Mai Shiru:
Ni fa tun ɗazu ina karantawa ina jin ku ne kawai. Ni ban yarda da wannan karatun ba gaba ɗaya, ƙarshensa dai a ce mana mutum daga biri ya fito. Na rubuta a jarrabawa don in ci amma ban ɗauke shi a zuciya ba

Admin:
Kowa da fahimtarsa ɗan uwa kuma ba za mu buɗe wannan babin a nan ba don mun san inda yake ƙarewa. Yarinya na da rifot ranar Litinin. Amma in akwai mai bayani kan abin da zanen kansa yake faɗa da abin da bai faɗa ba, bismillah, cikin mutunci

Malam Mai Alli:
Abin da ke zuciyarka ɗana ba ni da hurumi a kai. Amma ko don jarrabawar, wanda ya rubuta cewa bishiya ta nuna mutum ya fito daga birin nan cimfanzi ya faɗi tambayar, domin ba haka ake karanta ta ba. Duk sunayen da ke bakin rassa na masu rai ne a yau, sa'o'in juna ne, babu wanda ya haifi wani. Ɗan baffanka ba kakanka ba ne, kaka kuka haɗa. Abin da masu wannan fanni ke cewa shi ne reshen mutum da na cimfanzi sun haɗu a wata mararraba shekaru miliyan 6 zuwa 7 da suka wuce, kuma abin da ke mararrabar ba cimfanzin yau ba ne. Ka yarda ko kar ka yarda, wannan ita ce maganar da zanen ya yi. Haka ita ma mai tambaya, kar ta kuskura ta rubuta cewa tantabara daga kada ta fito.

'Yar Aji Uku:
Malam kamar ka leƙa takardata, wallahi abin da na rubuta ke nan a amsar tambaya ta biyu, na goge yanzu. To ga ta uku, an ce wace dabba ce ta fi kusa da kwaɗo, ƙadangare ko zomo? Ni na ce ƙadangare tunda shi ne a gefensa a zanen, zomo yana can ƙarshe

Malam Mai Alli:
Goge wannan ma. Sa yatsa a kan kwaɗo ki gangaro, sa wani yatsan a kan ƙadangare ki gangaro, ina suka haɗu? Yanzu maimaita da kwaɗo da zomo.

'Yar Aji Uku:
Wuri ɗaya ne!! Mararrabar gaɓoɓi huɗu

Malam Mai Alli:
To kusancinsu da kwaɗo ɗaya ne, babu wanda ya fi. Kowace mararraba kina iya juya ta kamar yadda ake juya mabuɗi a ƙofa, na dama ya koma hagu, dangantakar ba ta sauya ba. Juya mararrabar amniyon ki gani, sai zomo da jemage su dawo gefen kwaɗo, tantabara ko ƙadangare ya koma ƙarshe. Bishiya ɗaya ce. Mu malamai ma muna da laifi a nan, kullum sai mu zana kifi a hagu mai shayarwa a dama, yara su tashi suna ganin kamar tsani ne ana hawa daga na baya zuwa na gaba. Kwaɗon da ke kuka a kududdufi yau shekarun da zuri'arsa ta yi tun daga waccan mararrabar daidai suke da na zomo. In kin ga tambayar da ta ce wace ce ta fi ci gaba, tarko ne.

Tsohon Ɗalibi:
Irin wannan karatun mararrabar ne ke ba mutane mamaki in sun fara. Dorina ta fi kusa da wel, ƙaton nan na teku da muke ce wa kifi alhali shayarwa yake, a kan kusancinta da alade duk da kamar da suke yi. Naman kaza da sauran fangai sun fi kusa da dabbobi a kan tsirrai. Carl Woese ma a 1977 da ya gwada wani RNA na ribozom sai ya ga wasu ƙananan halittun da kowa ke ce wa bakteriya ashe wani babban reshe ne daban, su ne akiya. A madubin lab kusan kamarsu ɗaya

Mai Ja:
To ni tambayata ta ƙarshe, na DNA ɗin ma ai ana iya samun kama da wanen. Haruffa huɗu ne kacal, in wuri ɗaya ya yi ta sauyawa tsawon miliyoyin shekaru ai dabbobi biyu za su iya dacewa a harafi ɗaya ba don gado ba

Ɗan Kwamfuta:
Sosai ma, kuma da sunansa, janyewar dogayen rassa. Felsenstein ya nuna shi tun 1978, rassa biyu masu saurin sauyi sai su tara dace da yawa har fasimoni ta ɗauka 'yan uwa ne ta manna su, kuma abin haushin ƙara yawan haruffan ba ya gyara shi, ƙara mata ƙarfin gwiwa a kan kuskuren yake. Shi ya sa ake amfani da lissafin da ke la'akari da cewa wuri ɗaya na iya sauyawa fiye da sau ɗaya, a MEGA za ka ga irin su Kimura da Tamura-Nei a wurin zaɓin model. Kuma gaskiya saitokurom b yana da sauri, ya fi dacewa da dabbobin da ba su daɗe da rabuwa ba. Reshen zomo da na ƙadangare sun rabu fiye da shekara miliyan 300, harafi na uku na kowane kodon, wato rukunin haruffa uku-uku na DNA, ya sauya ya sake sauyawa har labarin da ke cikinsa ya goge. Don haka kar ta yi mamaki in bishiyar ta fito da rauni a wasu wuraren ko da ta yi komai daidai

'Yar Aji Uku:
Na dawo. Na sauko da na zomon na gaskiya, na yi sahu, na yanke gefe da gefe, na yi NJ na sa kifi a saiwa. Alhamdulillah zomo ya dawo gida yana tare da jemage, tantabara ma tana tare da kada. Amma akwai wasu lambobi a kan mararrabun, na zomo da jemage casa'in da wani abu, na kada da tantabara hamsin da 'yan kai. Maki ne ko me? Takardar ta ce mu sa butstarap 1000 na sa ban san me na sa ba

Ɗan Kwamfuta:
Ba maki ba ne, gwajin maimai ne, shi ma Felsenstein ya kawo shi wannan fannin a 1985. Ki ɗauka kowane layi na tsaye a sahun nan naki ƙuri'a ce a cikin jaka. Manhaja ta zura hannu ta zaro ɗaya ta rubuta ta mayar, ta sake zarowa, har ta tara adadin da kike da shi tun farko, wani layin ya fito sau uku wani bai fito ba sam. Ta gina bishiya da wannan. Ta sake, har sau 1000. Lambar da kika gani ita ce kashi nawa cikin ɗari na bishiyoyin nan wannan rukunin ya sake bayyana. Casa'in da wani abu na nufin ko ya aka jujjuya bayanan zomo da jemage ba sa rabuwa. Hamsin da 'yan kai na nufin kusan rabin lokaci kada da tantabara watsewa suke. Yawanci daga 70 ake fara ɗaukar reshe da muhimmanci. Kuma ko 100 ne ba ya nufin gaskiya ce tabbas, yana nufin bayanan da kika zuba bakinsu ɗaya, in kin zuba shirme mai baki ɗaya 100 zai ba ki

'Yar Aji Uku:
To in cire lambar hamsin ɗin ne kar a rage min maki? Tunda dai mun san amsar daidai ce

Malam Mai Alli:
Kul. Ki bar ta a inda take ki yi bayani a kanta, nan ne ma makin yake. Rubuta cewa bishiyar hannu mai mataki 10 da ta DNA sun yarda a kan wannan rukunin, amma jin ɗaya da kika yi amfani da shi bai ba shi goyon baya mai ƙarfi ba, ki kawo dalilin da Ɗan Kwamfuta ya faɗa na saurin sauyi da nisan rabuwa, ki ce da za a ƙara wasu jin masu tafiya a hankali ko a ƙara dabbobi kamar jimina da wani nau'in kadan da an fi samun tabbaci. Bishiyar farko mai mataki 12 ma ki saka ta, ki nuna inda nono da gashi suka tilasta miki ƙarin mataki. Ni in ina duba rifot na fi son wanda ya nuna min inda ya yi tuntuɓe a kan wanda ya kwafo zane mai tsafta daga intanet.

Mai Ja:
Ki saka tawa mai 11 ma, ki ce wani mai taurin kai ne ya kawo ta

Abokiyar Benci:
Na yi sahun ni ma, tawa ƙadangare ne ya maƙale wa kada, lambar arba'in da wani abu. Jin ɗaya muka yi amfani da shi fa, ya aka yi tamu ta bambanta

Ɗan Kwamfuta:
Wane ƙadangaren kika sauko, wane ita ta sauko? Nau'insu dubbai ne kuma wasu reshensu dogo ne sosai. Ku turo lambobin GenBank ɗin da kowa ta ɗauka da model ɗin da kuka zaɓa in gwada a nan. Kuma ku rubuta lambobin a rifot, in babu su ba wanda zai iya maimaita aikin

'Yar Aji Uku:
Ni na farkon da ya fito kawai na danna, bari in duba sunansa. Af, kuma in na fitar da hoton bishiyar daga MEGA sunayen sai su fito da wasu dogayen lambobi har suna fita daga takarda, ya ake gajarta su

Ɗan Kwamfuta:
Buɗe fayil ɗin FASTA ɗin a Notepad, layin da ya fara da bakin kibiyar nan goge abin da ke gabanta ki rubuta Zomo ko sunansa na kimiyya, kar ki taɓa kibiyar kanta kuma kar ki bar fili a tsakiyar suna. Amma kwafe lambobin a wani wuri tukuna kafin ki goge